Kiɗan da Ke Cikin Kaina

Jiya a motar Gwarzo zuwa Kabo na lumshe ido, hasken rana yana ɓullowa yana ɓacewa ta tsakanin itatuwan darbejiya. Sai ga launuka suna juya mini kamar zanen atamfa. Nan take na tuna cewa wata ƙasida da nake adanawa ta lissafa irin wannan cikin alamomin makanta.

Na shaida wa Malama Rahila, malamar kimiyya da ke kujerar baya.

Ta ce, "Idonka lafiya lau, Malam. Ƙwaƙwalwa tana da nata kiɗan da take gani da shi. Hasken ne ya dace da bugunsa."

Na ce, "Kiɗa, Malama? Ni da rabona da kiɗa tun ƙaddamar da Shari'a?"

Direba ya ce, "To a rage sauti, Baba, mun kusa shiga gari."

Idona dai ya tsira, alhamdu lillahi. Amma masana, mene ne hukuncin kiɗan da ba shi da wurin kashewa?