Irin Yaya Habu da Ya Ƙi Tsirowa

Assalamu alaikum. Masu tambaya ko na mutu, ban mutu ba. Na ji an ce a Rogo har wani ya je yi wa matata gaisuwa. Allah Ya saka masa, amma ga ni nan.

Na daɗe ban ce komai ba. Yau zan faɗa muku inda na shiga.

Da gajiya abin ya fara. Ina kan keken ɗinki sai ƙafata ta ƙi takawa. Daga nan dasashina ya fara jini in na yi asuwaki, ga tabo baƙi-baƙi a cinya ba tare da na bugu ba. Na sha maganin shawara, na sha na maleriya, duk a banza.

A Kano aka ce ɓargona ya daina yin jini. Aka yi ta ƙara min, leda bayan leda, kwana kaɗan ya zube. Likita ya ce, "Malam Sani, sai dashen ɓargo."

Aka gwada 'yan uwana, na Yaya Habu ne ya dace. Shi ne babban wanmu, manomin gyaɗa a Kurugu, mutumin da ko allura bai yarda da ita ba. Muka sayar da gonar gadonmu ta Zoza, muka tafi wani babban asibiti nesa da gida.

Ni dama ba na yarda da mutum da wuri, Yaya kuwa ya fi ni. Tun a mota yake ce min, "Ka dai san ana sayar da sassan mutane ko?"

Aka ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikinsa, aka daskarar da su. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Hajiya Binta, ta yi mana bayani da Hausa. Ta ce za su ɗebi kaɗan su zuba a ɗan faranti tare da abincinsu, su sa a wani akwati mai ɗumin jikin mutum, su ga ko za su yaɗu. Sai sun yaɗu za a ba ni maganin da zai share ɓargona. In an share kuma aka tarar na Yaya matattu ne, to tawa ta ƙare.

Yaya ya ce a kawo farantin ya yi masa tofi. A gidanmu ba a shuka iri sai an karanta an tofa masa, haka muka tarar Baba yana yi.

Hajiya ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Numfashinka ma kashe su zai yi."

Yaya ya kalle ni, na kalle shi. Abin namu ne, amma an hana mu gani.

Bayan sati biyu aka ce babu abin da ya yaɗu.

Wallahi tsoro ne ya kama ni, sai ya fito min da faɗa. Ina kwance da ledar jini a hannu na ce wa Hajiya Binta, "Ku faɗa mana gaskiya, kun sayar." Yaya kuwa ya haɗa jakarsa. Damina ta sauka, gonarsa na jira, ya ce ba zai zauna a riƙa tatsar sa ba. Na san in ya tafi, aka kuma buƙaci a sake ɗiba, ba ni da wani.

Hajiya Binta ba ta yi fushi ba. Ta ce akwatin ne ya sami matsala, ɗuminsa ya sauka, iskar cikinsa ta canza, duk farantan da ke ciki sun lalace, ba namu kaɗai ba. Ta ce waɗannan ƙwayoyin ba sa jure canji ko kaɗan.

Na ce uzuri ne kawai.

Sai Yaya ya ce, "Tsaya, Hajiya. Na cikin sanyin suna nan?"

"Suna nan."

"Gwajin ne ya lalace?"

"Shi ne."

Sai Yaya ya ce, "Ni ma kafin shuka nakan naɗe 'yar gyaɗa a jiƙaƙƙen buhu in ga ko za ta tsiro. In buhun ya bushe, ai ba laifin iri ba ne." Ya ajiye jakar. "A sake. Amma wannan karon sai na gani da idona."

Kullum da safe sai ya je jikin gilashin ɗakin gwajin, ya karanta, ya tofa a tafin hannunsa, ya shafa wa gilashin. Masu goge-goge har sun gaji da shi.

Sati biyu suka cika, Hajiya ta nuna mana hoto: ƙwayoyin sun yaɗu curi-curi. Ni har lokacin cewa na yi ta ina zan san hoton namu ne. Yaya ya ce, "Sani, rufe mana baki."

Aka ba ni maganin. Gashina ya zube, bakina ya yi gyambo, ko ruwa da ƙyar. Aka keɓe ni a ɗaki ni kaɗai. Ranar dashen, 'yar leda ce aka rataya kamar ƙarin jini, har na ce shi ke nan duka? Kwanaki suka yi ta wucewa ana ɗibar jinina kullum, sai wata safiya likita ya shigo ya ce, "Ya kama."

Na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Kafin a sallame mu na nemi gafarar Hajiya Binta. Ta ce ba ni na fara ba.

Yanzu na koma kan kekena a hankali, ina shan magani, ina komawa gwaji. Na gode wa Allah, na gode wa duk wanda ya yi addu'a ko ya taimaka.

Jama'a, in dasashi na jini ga gajiya ba dalili, ku je a gwada jininku, kada ku tsaya kan maganin shawara. A asibiti kuma ku yi tambaya har ku gane, amma kada ku yi irin tawa, ku kira mutum ɓarawo kafin ku ji bayaninsa.

Yaya Habu bai noma gyaɗa ba a waccan daminar, kuma bai taɓa yi min maganar ba. Bana na ce zan je Kurugu in taya shi gwajin iri. Ya ce aikina ɗaya ne, in riƙa yayyafa wa buhun ruwa kada ya bushe.