Rumfar Baba Ishaku

Duk wanda ya zauna a Majidaɗi a shekarun nan ya san yadda surukina Baba Ishaku yake fara safiyarsa. Kafin ya wanke baki, kafin ya amsa gaisuwar kowa, zai fito tsakar gida da tawul a wuya, ya lashi ɗan yatsa, ya ɗaga shi sama, ya fuskanci gabas. In ka ce, "Baba, ina kwana?" sai ya ce, "Dakata, ina jin iska." Ba gona yake wa wannan dubiyar ba, ba kuma tafiya zai yi ba. Rumfa yake wa.

Rumfar nan ce mai naɗewa, wadda yanzu kowa ke ce wa kanofi: koren yadi, ƙafafun ƙarfe huɗu, mutum huɗu su ja lokaci ɗaya ta buɗe, a tura ta ta koma cikin jakarta. A lokacin babu irinta a unguwarmu. Ɗansa Yohanna, wanda ke nemana da aure, shi ya saye ta a hannun wani Bature mai haƙa rijiyoyi da zai koma gida, shekara guda bayan an ba mu jiha. Ba a yi wata biyu ba aka tura Yohanna aikin soja ƙasar waje. Ranar da zai tafi, ina tsaye, ya ce, "Baba, ka riƙe min wannan. A ƙarƙashinta za a yi bikina da Saratu." Magana ce ta saurayi mai son burge budurwa. Baba kuwa ya ɗauke ta kamar daga bakin fasto ta fito.

Daga ranar rumfa ta zama babbar 'yar gida. Duk Asabar sai ya fito da ita lambun bayan gida, ya tara mu mu ja. In wani ya riga wani, sai ka ji, "A ja tare! Ƙarfe ne, ba rake ba." Sannan ya zauna da gashin kaza yana ɗiga wa kowace gaɓa man keken ɗinki. Man na Mama Rifkatu ne, matarsa, wadda da ɗinki take ci da gidan. Kekenta kuma ya koma kuka kamar ɗan akuya.

"Ishaku, ina maina?"

"Yana aiki."

"Wane aiki? Kekena ne ke kawo tuwo a gidan nan."

"Kekenki na da baki, yana faɗin damuwarsa. Rumfa ba ta da baki."

Wanki kuwa sai da ruwa mai ɗumi da sabulun wanka, da tattausan tsumma. Garin sabulu yana cin yadi, in ji shi, rana ma tana cin yadi. Saboda haka a ƙarƙashin bishiyar mangwaro yake kafa ta. Na ce, "Haba Baba, ita da aka yi don ta ba da inuwa, ita ce kuma a inuwa?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke da kike da fata, ba lema kike riƙewa ba?" Babbar dokarsa kuwa, wadda har yaran maƙwabta suka haddace, ita ce ba a naɗe ta sai ta bushe ƙarau. Kullum yana cewa, "Abin da aka naɗe a jiƙe, da wari ake buɗe shi." Ko faɗa aka yi a gida, da maganar nan yake hana a kwana ba a shirya ba.

Aro? Tabɗi. Majami'a ta nema ya hana, ƙungiyar mata ta nema ya ce su je su gaida mazajensu. Mutum ɗaya ne ya ci nasara, amininsa Alhaji Bappa mai shanu, da aka yi masa jika za a yi suna. Shi ma da sharaɗi: rumfa ba ta fita ita kaɗai. Baba ya bi ta da kujerarsa da sanda. Ya kori masu dafa abinci zuwa bayan gida saboda hayaƙi, ya hana a jingina da ƙafafunta, ya kori awaki. An gama addu'a ke nan, an ajiye wa dattawa tuwon shinkafa da nama, sai wani ɗan gajimare ya leƙo daga gabas. Baba ya lashi yatsa, ya miƙe.

"Jama'a, a yi haƙuri, a tashi."

Aka naɗe rumfa a kan manyan mutane, kowa da kwanonsa a hannu. Gajimare ya wuce abinsa, rana ta buɗe tarwai, dattawa suka ƙarasa tuwo suna gumi.

Alhaji Bappa ya ce, "Ishaku, ko ɗigo bai sauka ba."

"To ai shi ya sa ka gan ta a bushe."

Wata shekara ɓera ya shiga jakar, duk da barkono da ganyen dalbejiya da yake zubawa, ya huda yadin daidai tafin hannu. Baba bai ci abinci ba ranar. Ya zagaye Kasuwar Jalingo rumfa-rumfa yana neman yadi mai irin korenta, wannan ya yi duhu, wancan ya yi haske, har masu yadi suka fara ɓuya in sun hango shi. Ya dawo gida, idonsa ya faɗa kan rigar ruwansa, ita ke nan gare shi. Koriya ce. Ya sa almakashi ya yanko bayanta, ya tsaya a kan Mama har ta ɗinke. Duk daminar nan Baba na tafe majami'a da taga a gadon baya, ruwa na bi masa har cikin wando. In an yi masa dariya sai ya ce, "Ni bayana yana bushewa da kansa."

To, dariya ce a bakinku yanzu, amma ni a lokacin raina a ɓace yake. Wasiƙun Yohanna sun tsaya cak, shekara biyu ba labari. Wasu da suka tafi tare sun dawo, wasu kayansu kawai aka kawo. Gwaggonnina suka fara yi min zancen in yi wa kaina faɗa. Wata Asabar na ƙulle zannuwan neman aure da aka kai gidanmu, na nufi gidan Baba in mayar. Na same shi a gindin mangwaro da gashin kazarsa. Ku kun san bakina, ban iya tauna magana ba.

Na ce, "Baba, kana ta shafa wa ƙarfe mai, mai ƙarfen ma ba mu san ko yana duniya ba."

Bai ɗago ba. Sai da ya gama gaɓar da yake kai, sannan ya ce, "Saratu, ban san inda yake ba. Ba ni da ikon jirgi, ba ni da ikon bindiga. Wannan kaɗai ya bar min in yi. In ya shigo gobe ya ce, Baba ina ajiyata, me zan ce masa?" Man na ɗiga a ƙasa, shi da ba ya barin ɗigo ya lalace. Sai ya dubi ƙullin da ke hannuna. "In za ki mayar, ba zan riƙe ki ba. Amma idonki a jiƙe yake. Je ki gida ki bushe tukuna."

Na yi kuka har na gode Allah. Na koma da ƙullina, Asabar ta gaba kuma ni na riƙe masa kwalbar mai.

Wata bakwai bayan haka Yohanna ya sauka a tasha, ya rame, yana ɗingishi, amma shi ne. Aka sa biki farkon damina. An kafa rumfa a tsakiyar fili, cikin rana, ba sharaɗi ko ɗaya, karon farko a rayuwarta, ni da ango a ƙarƙashi. Ana cikin rabon shinkafa gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso. Kowa ya juya ya dubi Baba. Alhaji Bappa har ya ɗauki kwanonsa ya miƙe, ya san sauran. Baba ya lashi yatsa, ya ɗaga, ya daɗe a haka. Sannan ya sauke hannu ya ce, "A bar ta. Yau ce ranarta."

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Baba ya kama ƙafar rumfa ɗaya, Alhaji ya ajiye kwano ya kama ɗaya, fasto da wani soja suka kama sauran. Mutum ya kai talatin muka cunkushe a ciki, ko ɗigo bai taɓa ni ba, har ta wajen facin nan. Baba na waje sharkaf cikin rigarsa mai taga, yana dariya, yana ce wa Yohanna, "Ka ga ajiyarka?" Kwana uku ta yi a shanye kafin ya yarda a naɗe.

Da Allah ya yi masa cikawa, a ƙarƙashinta muka karɓi gaisuwa. Ranar ƙarshe aka yi ɗan yayyafi, masu kwashe kujeru suka zo za su naɗe ta. Kafin in buɗe baki, Alhaji Bappa, da sandarsa da tsufansa, ya riga ni: "Kul. A jiƙe take." Muka yi ta dariya, hawaye na zuba.

Ubangiji, ga bawanka Ishaku, wanda aka ba ajiya ya riƙe. Ka ba shi hutawa a inuwarka, inda ba iska, ba ɓera. Mu kuma ka ba mu irin haƙurinsa, har ranar da za mu sadu. Amin.