Yadda Muka Raba Daɓen Citta

Ofishin bunƙasa sana'o'i na garinmu a ƙofar gidanmu aka haife shi, a kan wani benci mai ƙafa uku da rabi. Wanda ya ga ginin da ya zama daga baya, da allon suna da mai gadi, zai ce ƙarya nake shararawa.

Bayan rikicin da aka yi a Kafanchan a 1987, kasuwa ta mutu a tsaye. Matan ƙauyukanmu masu noman citta suka daina shigo da ita gari saboda tsoro. 'Yan kasuwar cikin gari, Musulmin da kakanninsu ma a nan aka binne su, su ma suka daina fita ƙauye saye. Citta ta yi ta ruɓewa a ɗaki.

Babana tsohon hedimasta ne, dattijo a ikilisiya, ga taurin kai. Babban amininsa wani Alhaji ne mai sayen citta, tun suna samari suke tsokanar juna. Wata yamma Alhaji ya jingine kekensa a bangonmu, ya zauna a bencin nan, ya ce, "Malam, haka za mu zuba ido yunwa ta ƙarasa abin da wuta ta bari?"

Baba ya ce, "Mutanena suna tsoro, naka ma suna tsoro. Sai mu nemi wuri da ba na kowa ba."

Su biyu suka je wurin ciyaman na ƙaramar hukuma suka roƙi wani fili kusa da layin dogo. Aka yi gayya aka zuba daɓen siminti, aka kafa rumfa, Alhaji ya rataye sikelinsa. Mata su zo su tsaga citta su shanya a nan, 'yan kasuwa su saya a nan, kowa yana ganin idon kowa. Aka kafa kwamiti, a buɗe taro da Fatiha a rufe da addu'a cikin sunan Yesu, mako na gaba a juya. Ni kuwa na gama koyon buga tafireta ke nan, sai aka ce ni ce sakatariya, ba wanda ya tambaye ni ko ina so.

Abu ya yi kyau, to a nan gwamnati ta gan mu. Aka mai da kwamitin sashe na ƙaramar hukuma, aka ba mu ɗaki, aka turo darakta daga Kaduna da mota. Baba da Alhaji aka naɗa su masu ba da shawara, wato mutanen da ake ba lemo a taro ba a tambayarsu komai. Ni aka ɗauke ni aiki, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Daraktan nan ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Hankali ya sake tashi a yankinmu a farkon shekarun casa'in, wanda maciji ya sara kuwa in ya ga tsumma gudu yake. Kada a ce ya fifita wani ɓangare, sai ya kafa doka: komai a raba biyu daidai. Keken ɗinki, taki, rumfunan kasuwa, duk takardar da zan buga layi biyu ne, Musulmi a hagu, Kirista a dama. Har hannuna ya saba, ina raba shafi ba tare da na duba ba.

Ana nan ƙorafi ya taso kan daɓen. Wasu suka ce ya fi kusa da unguwar Musulmi, wasu suka ce matan Kirista sun mamaye shi. Darakta ya yanke cewa a rufe shi a gina biyu, kowa da nasa a unguwarsa.

Baba ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, citta tana hannun mutanena, sikeli yana hannun mutanen Alhaji. In ka raba, wa zai saya, wa zai sayar?"

Darakta ya ce, "Baba, adalci muke nema."

Alhaji ya ce, "To ni me zan shanya a nawa? Wandona?"

Aka yi dariya, ni kuma na rubuta cewa taro ya amince. Garin neman gira muka rasa ido. Daɓen cikin gari ya zama wurin kwanan awaki, namu kuma citta ta bushe tana jiran dillalan da ba mu san daga inda suke ba.

Abin da ya fi cin Baba shi ne rashin Alhaji. Da, kullum suna tare a rumfa. Yanzu ƙafafun Alhaji sun ƙi keke, Baba kuwa yanar ido ta fara rufe masa gani, 'ya'ya kuma ba sa son tsofaffinsu suna ƙetare unguwa. Kullum sai ya ce, "Ki kai ni wurin Alhaji, ina so in gan shi kafin idon nan ya mutu duka." Ni kuma in ce aiki ya yi yawa, sai mako mai zuwa.

Da aka gama sabon ginin ofis, aka gayyace su biyun bikin buɗewa don a karrama su. Baba ya sa aka goge masa babbar riga, ya aika a sayo goro ya zuba a aljihu saboda amininsa. Ni na buga tsarin zama. Rumfa biyu, hagu da dama, ga fili a tsakani na masu rawa da lasifika. Wallahi ko tunani ban yi ba.

Yini guda ina kai da kawo da fayil, ina hango Alhaji a rumfar hagu yana miƙa wuya. Na ce a raina bari a tashi in haɗa su. Kafin a gama jawabai hadari ya haɗo, taro ya watse, 'ya'yan Alhaji suka sa shi a mota.

A hanyar gida Baba ya ce, "Alhaji bai zo ba, ko? Ko ba shi da lafiya?"

Kunya ta kama ni, na ce, "Bai zo ba, Baba."

Kafin a tone cittar shekarar Alhaji ya rasu. A ranar ban ce aiki ya yi yawa ba, na riƙe hannun Baba har zauren gidan. Bayan an yi gaisuwa, babban ɗan Alhaji ya durƙusa ya ce, "Baba, ranar bikin ofis ya yi ta ɗaga maka hannu, ba ka amsa ba. Har ya kwanta ciwo yana tambayarmu ko wani laifi ya yi maka."

Baba ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina. Ya rayu shekara uku bayan haka, ni nake kai masa abinci, kuma bai taɓa tambayata ba.