Mai Jirgin da Ya Koma Yankan Ciyawa

Har ya tsufa Mai Jirgi ake ce masa, ko da yake shi kansa ya manta rabonsa da shiga kwale-kwale. Da fito ya tashi, yana kai mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan kamar yadda ya tarar da mahaifinsa yana yi. Gidansu a bakin ruwa yake, ɗaki biyu da rumfa. A nan ya yi aure, a nan matarsa ta haifa masa uku, biyu suka koma, Allah ya bar musu Auta.

Gada ce ta fara kashe masa sana'a. Ba a daɗe ba hukumar birni ta tashi unguwar gaba ɗaya, aka ce za a yi lambun shaƙatawa da hanyar masu tattaki da masu keke. Aka rushe gidajen, maƙwabta suka watse. Su kuma suka samu ɗaki a saman bene can bayan tashar mota, taga ɗaya, ita ma bangon wani take kallo. Da aka zo ɗaukar ma'aikatan lambun sai aka ɗauke shi.

Aikin ba ya ƙarewa. Ya tura injin yankan ciyawa, ya aske shinge, ya shafa wa bencina fenti, ya bi gaɓa da manjagara yana jawo leda da robobin da ruwa ya kawo. In damina ta yi ƙarfi kogin yakan haura ya shimfiɗe hanyar da laka, su kwashe da shebur da baro, wani ruwan ya sake maidowa. Abokan aiki kan tsokane shi: "Mai Jirgi, tsohon abokinka ya sake aiko maka da tsaraba." Sai ya ce, "Ai mun saba. Shi ya kawo, ni in kwashe."

Matarsa kuwa ko sau ɗaya ba ta taka lambun ba. In ya dawo yana ba ta labarin furannin da suka shuka, sai ta ci gaba da ninke kayanta ta ce, "Kai dai je ka share musu, Malam. Ni ban ga abin shaƙatawa a kan kufaina ba."

Haka shekaru suka tafi, har ciwo ya kwantar da ita. Ƙafafu suka kumbura, saukowa daga bene ta gagare ta. Wata safiya yana ɗaura takalmin aiki ta ce, "Malam, ka kai ni in ga ruwa."

Bai tambaye ta dalili ba. Ya aro keken marasa lafiya, shi da wani maƙwabci suka sauko da ita, ya yi shatar mota.

A shekarar an yi wa lambun gyara. An faɗaɗa hanyar, an sa fitilu, an gina gaɓar da duwatsu an bi ta da shingen ƙarfe. Yana tura ta a hankali, ita tana ta waige-waige, hannunta a kan gwiwa.

"Ina ɗakina yake?" ta tambaya.

Ya nuna mata wani benci kusa da lilon yara. Tun da ya fara aikin a nan ya ajiye gidansu a ransa, har yakan rage gudun inji in ya zo wurin.

"Ba nan ba ne," ta ce. "Daga ƙofata ina hango inda ruwa ya yi kwana."

"An cike kwanar, Maman Auta. An miƙar da gaɓar."

"To ta yaya ka san nan ne?"

Ya duba gabas, ya duba yamma, ciyawa ce iri ɗaya ko'ina, shi da hannunsa ya aske ta. Suna tsaye a tsakiyar hanya wata mai gudun motsa jiki ta iso, ta ce cikin ladabi, "Baba, a ɗan matsa mana." Ya janye keken gefe. Matarsa ta yi wata 'yar dariya wadda ta ƙare da tari.

"Ka ji fa. A tsakar gidana ake ce min in matsa."

Ta ce tana so ta taɓa ruwan. Keken ba zai wuce shingen ba, don haka ya tsallaka, ya bi duwatsun da ƙyar, ya ɗebo a tafin hannuwansa. Kafin ya hawo ya tsiyaye saura kaɗan. Ta shafa a fuska, sannan ta ce, "Har ƙamshinsa ya canza. Mai da ni gida."

Ba ta ga ƙarshen damina ba.

Auta, wadda aure ya kai ta wani gari, ta yi ta roƙonsa ya dawo wurinta. "Baba, wa kake zauna wa a can?" Ya ce aiki. Ya ƙara shekara yana jan ƙafa, har bayansa ya ƙi. Aka ɗauke shi daga kan inji aka sa shi gadin ƙofa, yana zaune yana kallon sababbin ma'aikata suna barin ciyawa tsibi-tsibi a gindin bencina. Ranar da ya miƙa rigar aiki, ogansu ya riƙe hannunsa ya ce baɗi za a ja hanyar har gada, lallai ya zo ya gani. Ya ce, "Allah ya kai mu."

A gidan Auta an ba shi ɗaki mai kyau. Da sassafe yakan fito ya share tsakar gida kafin kowa ya tashi. Surukinsa ya ji nauyi, ya ce, "Haba Baba, mutane sai su ce aiki muke sa ka," aka ɗauke tsintsiyar aka ɓoye. Tun daga nan sai ya fito ya zauna a ƙofar ɗaki, hannu bisa hannu, har rana ta iso ƙafarsa, sannan ya koma ciki.