Tsohon da Ya Fi Kowa Saurin Gajiya

Kafin a taɓa kaya, Baba Na-gaji sai ya fara bin hanyar da za a bi da su, hannunsa babu komai sai igiya. Yana hawa matakala yana jijjiga ƙarfen dafawa, ya auna faɗin ƙofa, ya roƙi matar maƙwabci ta janye yara da bokitin wankinta. Sannan ya tara mutanensa a gindin mota, ya gaya wa kowa kusurwar da zai riƙe da inda za a juya, ya sa kowa ya maimaita da bakinsa. Dokarsa ita ce, baki ɗaya ke cewa a ɗaga, amma kowane baki na da ikon cewa a ajiye.

Sana'arsu ɗaukar abin da ya gagari mutum ɗaya, irin su janareta da firjin mahauta. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai shi ne yadda shugaban majiya ƙarfi ya zama ragon cikinsu. Ba a nisa sai ka ji ya ce a ajiye, ya gaji. Daga nan sunan ya bi shi, har masu kaya na yi masa tsiya wai a kawo wa tsoho katifa. Direbansu ya ce shi dai bai taɓa jin yana haki ba in yana faɗin haka. Matarsa da aka tambaya dariya ta yi, ta ce mutumin da ke dawowa daga aiki ya hau gyaran rufi, wace gajiya kuma?

Bijimi ne ya gano bakin zaren, ƙaton cikinsu da ke riƙe kaya ta ƙasa, inda duk nauyi ke gangarowa. Ya lura duk sanda Baba ya ce ya gaji, idonsa na kan gwiwar wani da ta fara rawa. Namiji ya gwammace ƙashinsa ya tsage da a ce ya kasa a gaban abokai, shi ne tsohon ke ɗauke masa kunyar ya ɗora wa kansa.

Wata rana aka ba su injin buga takardu su hau da shi bene. Da ma Bijimi ya gurɗe a kafaɗa, amma ya ɓoye, don matarsa ta haihu kuma yana tsoron a ce ya zauna a gida. Matakalar tana da kwana, Baba na sama, bango ya raba su. Hannun Bijimi ya fara mutuwa, ya san in ya kufce, a ƙirjinsa injin zai sauka. Ya kasa kunne ya ji muryar da ta saba cetonsu, shiru, sai mai injin da ke ta azalzalar su. Tun da Bijimi yake bai taɓa furta kalmar gajiya ba. Amma ya ji ta a bakin shugabansa har ta daina yi masa kama da zagi.

"A ajiye," in ji shi. "Na gaji."

Aka cusa katako, injin ya zauna. Kafin wani ya buɗe baki sai muryar Baba ta sauko.

"Kai ɗan nema, sana'ata za ka ƙwace? To ni da me zan ci abinci?"

Dariya ta koma kan tsoho. Ya sauko ya taɓa kafaɗar Bijimi, bai yi faɗa ba. Ya miƙa masa igiya, ya ce daga yau shi zai riƙa faɗin inda za a juya har ya warke.

Bana gwiwa ta zaunar da Baba da gaske. Baba, kai ne ka yarda a kira ka rago don 'ya'yan mutane su koma gida da ƙafafunsu. Bango madafar bayi, mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku kuma masu jagorantar aiki, a gini ne ko a ofis, ku duba na ƙasa da ku. In har ba wanda ya taɓa iya ce muku ya kasa, ba ƙarfi gare su ba, tsoronku suke ji, kuma kayan na hannunsu.