Ranar da na kai Inna ta kaɗa zaren Turawa

Abbey Wood, 7:10

Gari bai waye ba muka fito daga gidana a nan London, ni da mahaifiyata, ga sanyi. Inna ta shekara hamsin tana kaɗi a Kano, amma tun da hannunta na dama ya shanye bara, ko da yake ya ɗan warware, ta ajiye mazari, ta ce ita da zare sai a lahira. Ni ce da shisshigina na kama mana wuri a taron wasu mata masu raya tsohuwar sana'ar saƙar lilin. Tsorona ɗaya: in ta gaza a gaban mutane, ba za ta ƙara taɓa mazari ba.

Charing Cross, 8:05

Mun sauya jirgin ƙasa a London Bridge. Na saya mana shayi fam uku-uku, Inna ta kurɓa ta ce wannan ai wankin kofi ne. Tafiyar minti goma ce a ƙafa zuwa Aldwych, muka yi ta a ashirin da biyar.

Aldwych, 9:00

Wata tsohuwar Baturiya ta tarbe mu a wurin taron. Ta yi bayanin yadda kakanninta suke jiƙa ciyawar flax, wadda ake yin lilin da ita, ta ruɓe, su buga, su taje, su kaɗa. Ta miƙa wa Inna mazari da wani curinta mai kama da zaren rama.

Inna ta yi bismilla, ta dangwali alli a yatsa kamar yadda ake yi wa auduga, ta murza mazari. Zare ya tsinke. Ta ƙara alli, ya sake tsinkewa. A na uku ta ajiye mazarin.

"Bilki, ba na faɗa miki ba? Tashi mu tafi."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai tsohuwar ta kama yatsun Inna, ta goge allin tas, ta tsoma su a ruwa. Ashe shi wannan zare bushewa ce ba ya so, da ruwa ko miyau ake kaɗa shi. Inna ta murza. Zaren ya miƙe, kamu ɗaya, biyu, uku, bai tsinke ba.

Gida, 2:30

Mun iso lafiya, alhamdu lillahi, Allah ya saka wa tsohuwar nan da alheri. Ina ɗora tukunya na ji muryar Inna daga falo.

"Bilki, bar girkin nan. Kawo mini ruwa a ƙoƙo."