Tabkin da babu sawun shanu

Ina tsotsar ƙashin kifi na biyu na lura babu sawun dabba a bakin tabkin. Ko ɗaya. Duk wanda ya tashi a Damargu ya san ruwa ba ya zama shi kaɗai bayan damina. In akwai ko cikin ƙwarya ne, za ka ga kofaton shanu da kashin raƙumi kewaye da shi. Nan kuwa laka lumui, kamar an shafe ɗaki. Babu kukan kwaɗo, babu balbela.

Ɗan kawuna ne ya kai ni, taubashina, wanda ya yi ƴan shekaru a Zinder ya dawo da sandar fatsa mai naɗewa da hular da ta fi kansa girma. Shi da abokansa ba su da zance sai neman wurin da kowa bai sani ba. Tabkin Gangara, a cewarsa, na ƙauyawa ne, yara da jakuna sun dame shi. Ya ɗora ni a bayan moto muka yi ta kutsawa cikin sabara har muka faɗo wannan kwari.

Kifin ma bai wahalar da shi ba. Tarwaɗa na yawo sama-sama kamar masu maye, da hannu ya kama wasu, ya gasa kaɗan, sauran ya zuba a jaka, yana ta cika baki.

"Kin gani, ƴar lakwal, ƴar boko? Gwaninta ke nan. Kifi da kansa yake kawo gaisuwa."

"Yaya, ina shanu?"

"Shanu kika zo ci ko kifi?"

Na tashi na zaga bayan wata ƙaya, can na ga bido biyu, ƴan jarkokin roba, a kife cikin laka, da hoton ƙwarangwal a jiki. Maganin fara. Wani ya wanke famfon feshinsa a ruwan, makiyaya suka gane suka janye dabbobinsu. Saniya ta san ta guji wurin, gwanin Zinder bai sani ba.

Miyau ya cika mini baki, ban san ko guba ce ko tsoro ba. Shi kuwa, wanda bai ci ko loma ba don yana ɗaukar hoto da waya, ya tsaya naɗe sandarsa a hankali, ya sa ta a jakarta, ya zuge. Ina durƙushe ina tura yatsa a maƙogwaro yana cewa in yi haƙuri, sandar mai tsada ce. A hanya abin da ya dame shi ɗaya ne: kar in faɗa wa kowa inda tabkin yake.

A likita, wato ɗakin shan magani, majo, babban ma'aikacin jinya, ya haska idona, ya taɓa jijiyar hannuna, ya sa mini ƙarin ruwa, ya ce a jira a gani. Na kwanta ina sauraron numfashina, duk motsin hanji sai in ce shi ke nan.

Bayan la'asar majo ya dawo, ya sake duba idon, ya zare allurar.

"Tashi, ƴata. Da zai kama ki da ya kama tuni. Kin tsira."

Gwanin ya leƙo ta taga, hular a hannu, yana tambaya ko sauran kifin da ke jaka a zubar ne.